Gayyar Tsofaffin 'Yan Ƙwallo

Shekarar da gasar ƙwallon ƙasashen duniya ta faɗo a tsakiyar damina, Malam Tukur ya koma ɗan makaranta. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, malamin firamare a Birchi, kuma shi ke horar da ƙungiyar ƙwallon garin tun wasu daga cikin 'yan wasan na goye. Kullum aka tashi daga makaranta sai ya hau babur ya nufi Dutsin-Ma, ya shiga wani gidan kallo, ya zauna a bencin gaba da littafi da biro. Jama'a na ihu, shi yana zane. Sau da yawa ana zura ƙwallo bai gani ba, don idonsa na can baya yana duba mutum nawa suka taso, mutum nawa suka tsaya.

Abin da ya tafi da hankalinsa shi ne salon wasan wata ƙasa daga cikin masu gasar. Su da zarar ƙwallo ta kuɓuce musu ba sa ja da baya su jira. Nan take mutum uku ko huɗu za su rufe wanda ya karɓe ta, su hana shi ko ɗaga kai, har sai ya yar. Haka suke yi daga busa usur ɗin farko har na ƙarshe. Malam Tukur ya sa wa abin suna matsi, ya cika shafi shida da kibau da ɗigo-ɗigo.

Da ya ga irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai da ƙarfin huhu, sai ya shiga neman yadda ƙwararrun ke atisaye. Aka tura masa wani bidiyo a waya mai nuna yinin ɗan wasa guda tun daga tashi barci. Ya ga gudu, ya ga tsalle-tsalle, ya ga ɗaga ƙarfe, ya ga ana jan mutum da igiyar roba yana turjewa. Duk ya rubuta. Amma in aka zo inda ake nuna ɗan wasan yana cin abinci, ko yana kwance ana matsa masa ƙafa, ko ya ja labule yana barcin rana, sai Malam ya sa yatsa ya tura gaba yana tsaki. A ganinsa wannan gata ne na masu kuɗi, ba ya cikin aiki.

Akwai dalilin da ya sa maganar huhu ke taɓa shi haka. Shekara talatin da suka wuce shi ma an taɓa kiransa gwaji a wata babbar ƙungiya a Kano. Ya yi minti ashirin yana abin mamaki, daga nan ƙafafunsa suka mutu, ya riƙe ƙugu yana haki a tsakiyar fili. Kocin ya dafa shi ya ce, "Ka iya ƙwallo, amma ba ka da numfashi." Da wannan magana ya dawo gida, da ita ya yi aure, da ita ya yi furfura. Bai taɓa gaya wa kowa yadda take ci masa rai ba.

To ga shi yanzu Allah ya ba shi Ikrima, ɗan yayarsa Batula, saurayi mai shekara ashirin da ɗaya da ke buga tsakiya. Ikrima ba shi da yawan magana, ba shi da yawan yanka da ƙwallo, amma kafin ƙwallo ta iso wuri za ka tarar yana can yana jiranta. Ƙungiyar Birchi ta kai wasan ƙarshe na gasar matasan yankin, za ta kara da 'yan Makera a Dutsin-Ma nan da mako uku. Wani Malam Atiku, mai nemo wa wata ƙungiyar ƙwararru 'yan wasa, ya yi waya ya ce zai zo ya ga Ikrima. Wasa ɗaya zai kalla ya wuce. A shekarun Ikrima kuwa, in wannan ta wuce da wuya wata ta sake biyowa ta Birchi.

Malam Tukur ya rantse a ransa ba za a dafa ɗan yayarsa a gaya masa abin da aka gaya masa ba.

Ya kafa doka. Ana sallame sallar asuba kowa ya fito, a yi gudu a kan hanyar Kurfi har wajen wata tsohuwar tsamiya a dawo. Bayan la'asar a haɗu a filin makaranta a yi matsi: mutum huɗu su kori ƙwallo, in suka ƙwace a sake jefa musu, su sake kora. Ya cika tsofaffin galan da yashi suka zama ƙarfen ɗagawa. Ya yanko tsohon tif na babur ya zama igiyar ja. Mutanen gari suka riƙa tsayawa kallo suna cewa lallai bana Koci ya zo da na Turai.

Makon farko abin ya yi kyau. A mako na biyu Ikrima ya fara lalacewa. Fasin da yake bayarwa ido rufe ya koma tsayawa a hanya. In aka ce a matsa, shi ne na ƙarshen isa. Malam Tukur ya duba, abin da ya gani shi ne kansa a filin Kano, hannu a ƙugu. Maganin da ya sani ɗaya ne, sai ya ƙara masa. Kowa ya juya daga tsamiya, Ikrima sai ya wuce har gadar gaba.

Wata ranar Alhamis ƙwallo ta wuce ta gabansa bai ko miƙa ƙafa ba. Malam Tukur ya busa usur ya tako har inda yake.

"Kai, barci kake? Mutum zai taso takanas don ya gan ka, abin da za ka nuna mashi ke nan?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Kawu."

"Ba haƙuri nake nema ba, numfashi nake nema. Gobe ka ƙara zagaye biyu."

"To, Kawu."

Ɗan 'yar'uwa ba ya duban idon kawunsa a gaban mutane ya ce na gaji, balle kawun da ya saya masa takalmin ƙwallo na farko.

Ranar Asabar babu makaranta, sai Malam Tukur ya ce bari ya leƙa gidan yayarsa da azahar, ya ja wa Ikrima kunne a keɓe. Mijin Batula, Malam Jibo, ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata 'yan mata uku da Ikrima da gonar gero a bayan gari. Malam Tukur ya yi sallama ya shiga. A gindin darbejiyar tsakar gida ya tarar da Ikrima a kan tabarma, ya jingina da bango yana barci, baki buɗe. Ƙwaryar fura na gefensa ba a taɓa ba. Ƙafafunsa sun yi futu-futu da jar ƙasa har gwiwa, fartanya na kwance a kan cinyarsa.

Ya buɗe baki zai tashe shi, Batula ta fito daga madafi da muciya a hannu.

"Kul ka tashe shi, Tukur."

"Yaya, ina wuni. Magana ce kawai zan..."

"Lahiya lau. Zo nan ka zauna." Ta nuna masa turmi, ya zauna kamar yadda yake zama tun yana ƙarami in ta kira shi. "Ni ban san ƙwallo ba. Amma ka gaya mani, waɗannan mutanen da kake zuwa kallo Dutsin-Ma, in sun gama gudun safe, gonar wa suke tahiya?"

"Gona kuma, Yaya?"

"Gona. Ɗan naka in ya dawo daga gudun da kake sa shi, ko zama ba ya yi. Koko zai kurɓa a tsaye ya ɗauki fartanya. Maimai ake yi, ciyawa ta taso ma geron nan, kuma ba wani namiji a gidan nan sai shi. Sai azahar yake dawowa, ka ga yadda yake dawowa. La'asar na yi ya tashi ya tahi wajenka ka ɗora mashi galan. Kai kana aji kana rubutu da alli, mi za ka gani?"

"Ai bai gaya mani ba."

"Ya gaya maka? Kai ka gaya ma Baba ka gaji, lokacin da kake nome mashi gona?"

Rabon Malam Tukur da riƙe fartanya ya fi shekara ashirin, 'yar gonarsa 'yan ƙwadago ke yi masa. Ya miƙe ya fita ba tare da ya sha ruwan da aka kawo masa ba.

Bai nufi gida ba, gonar marigayi Jibo ya nufa. Gero ya kai gwiwa, kore shar. Rabin gonar an share ta tas, rabin kuma ciyawa ta cika kwarin kunyoyi. Da yake shi mutum ne mai son awo, sai ya tsaya a bakin kunya ɗaya ya taka ta har ƙarshe yana ƙirga taku. Ta kusa tsawon filin ƙwallo. Ya duba sabon aikin ranar, inda ƙasa ba ta bushe ba, ya ga kunya sama da ashirin. Ikrima ya yi tsawon fili sau ashirin a duƙe, yana sara, bayan gudun gada, kafin ya zo yamma a ce masa ba shi da numfashi.

A nan tsakiyar geron wani abu ya dawo masa da bai taɓa haɗa shi da maganar Kano ba. Ai lokacin da aka kira shi gwajin nan ma damina ce. Ya yi kwana tara yana maimai a gonar Babansu, don ba zai tafi ya bar aiki ba. Ranar Laraba da yamma ya ajiye fartanya, Alhamis da asuba ya hau bayan motar kaya, ya sauka a Kano da azahar, la'asar aka jefa masa riga aka ce shiga. Ba wanda ya tambaye shi daga ina yake, shi ma bai ga abin faɗa ba. Shekara talatin yana zargin huhunsa, ashe gajiya ce ya kai Kano.

Ya daɗe a tsaye. Baƙin ciki ya kama shi, na kansa da na yaron da ya kusa yi wa irin abin da aka yi masa, da hannunsa kuma. Ya zauna a kan kunya ya ciro waya, ya buɗe bidiyon nan, wannan karon bai tura ko'ina ba. Ashe wuraren da yake tsallakewa sun fi rabin yinin. Mutumin atisayen awa biyu yake yi, sauran duk ci ne da hutu da barci.

Saura kwana takwas wasa. Da yamma ya tara 'yan wasa ya soke gudun asuba, ya ce a mayar da galan gidan mai su. Ya bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a ɗaga musu ƙafa daga gona kwana uku kafin wasa. Masu 'yan'uwa maza aka ce ba komai. Gonar Ikrima ce ba mai karɓa, kuma ciyawa ba ta san ana wasan ƙarshe ba.

Sai ya nufi rumfar Rilwanu mai faci, wanda suka yi shekara goma suna buga gaba tare a zamaninsu. Ya ajiye masa goro a kan benci.

Rilwanu ya dubi goron ya dube shi. "Aure za ka ƙara?"

"Gayya nake kira."

"Gayya? A wannan zamanin? Kai Tukur, rabon da in ji an kira gayya a garin nan tun ina da gashi a kai. Gonar wa?"

"Ta marigayi Jibo. Kuma ba samari nake so ba, samarin su ne za su huta. Mu nake so, duk wanda ya taɓa sa rigar Birchi."

Rilwanu ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga abokinsa bai yi ba, sai ya tsaya. Malam Tukur ya ba shi labarin kunyoyin, ya kuma ba shi na Kano, wanda bai taɓa ba kowa ba. Rilwanu ya ɗauki goron ya ɓare, ya jefa rabi a baki.

"Talata da Laraba," ya ce. "Amma ka gaya ma Yaya Batula furar ta ji nono."

Ranar Talata da hantsi mutum goma sha ɗaya suka jeru a bakin gonar, kamar an ƙirga 'yan wasan ƙungiya guda. Akwai tela, akwai direba, akwai ladanin masallacin kasuwa wanda a da shi ne gola. Tumbi ya yi wa wasu yawa, gwiwa ta ci amanar wasu. Malam Tukur ya nemi izini a makaranta ya zo da aron fartanya. Suka duƙa a layi ɗaya, kowa da kunyarsa.

Ba su yi nisa ba sai ga Ikrima a guje, hannu wayam, don uwarsa ta ɓoye fartanyarsa a ƙarƙashin gado. Ya durƙusa a gaban kawunsa.

"Kawu, don Allah. Iyayena na noma gonar ubana ina kwance a gida? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama."

"Ko kunya biyu ku bar ni in yi."

Malam Tukur ya miƙe yana dafe da baya. "Ikrima, ni ne kocinka ko ba ni ba? Atisayenka na yau shi ne ka ci tuwo ka kwanta. Wanda ya fi wuya ke nan, na sani. Tashi ka tahi."

Ikrima ya tafi yana waiwaye, yana share ido da bakin riga.

Aikin bai zo wa Malam da sauƙi ba. Da zafin rai ya fara, ya wuce kowa da taku goma, kafin rabin kunya ya tsaya yana haki. Rilwanu ya iso shi a hankali yana sara ɗaya bayan ɗaya.

"Koci, ka tsaya a layi mana. Ka ruga kai kaɗai ka bar mana giɓi, ga shi ka mutu tun ba a je hutun rabin lokaci ba."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Malam Tukur ma ya yi, amma maganar ta zauna masa. Da yamma a filin makaranta ya rufe littafinsa mai shafi shida. Ya ce wa 'yan wasa ba za a kori ƙwallo ko'ina ba. Za a tsaya a layi, a tafi tare a dawo tare. Sai ƙwallo ta je wajen ɗan bayan Makera na hagu, wanda ba ya iya juyawa da sauri, sannan Ikrima zai ɗaga hannu a rufe shi gaba ɗaya. In ba haka ba, kowa ya riƙe wurinsa ya adana ƙafarsa.

Laraba kafin la'asar aka gama gonar. Tafin hannun Malam Tukur ya yi ƙurji ya fashe, Batula ta shafa masa man kaɗanya tana yi masa tsiya, wai hannun alli.

Ranar Lahadi filin Dutsin-Ma ya cika har kan katanga. Malam Atiku ya zo, wani siriri mai farar hula, ya ƙi kujerar da aka ba shi ya tsaya a bayan raga. 'Yan Makera suka fara ci a minti na goma. Birchi ba su rikice ba, suka riƙe layinsu. Ana dab da hutu ƙwallo ta je wa ɗan bayan nan na hagu, Ikrima ya ɗaga hannu, mutum huɗu suka rufe shi, ƙwallo ta kuɓuce masa, Ikrima ya tura ta tsakanin mutum biyu, ɗan gabansu ya farke. Malam Tukur ya ɗaga hannu zai tafa, zafi ya hana shi, sai ya tsaya da hannuwa a sama kamar mai addu'a.

Ba su ci kofin ba. Saura minti biyar aka yi bugun kusurwa, wani dogo daga Makera ya sa mata kai ta shige raga. Amma har alƙali ya busa tashi Ikrima na kan ƙafarsa, yana nuna wa 'yan'uwansa inda za su tsaya, bai riƙe ƙugu ko sau ɗaya ba.

'Yan Makera na zagaya fili da kofi, Malam Atiku ya ratso jama'a ya miƙo hannu. Malam Tukur ya ba shi nasa, ya cije leɓe da aka matse.

"Kai ne kocinsa? Yaron nan ya san inda ake tsayawa. Wannan ba a koyar da shi cikin sauƙi. Gudu da ƙarfi mu za mu ba shi, ba su dame ni ba. Ya same mu ranar Litinin ta sama, gwajin mako biyu."

Malam Tukur ya yi godiya. Har mutumin ya juya, sai Malam Tukur ya ce, "Malam, in tambaye ka. In yaro ya zo maku gwaji, kukan tambaye shi daga ina ya taso?"

"Garinsu? Ai muna rubutawa."

"A'a. Ko daga gona yake."

Malam Atiku ya dube shi bai gane ba, ya yi murmushi ya wuce wajen motarsa.

Da za su koma Birchi hannun Malam Tukur ya kasa riƙe kan babur, sai Ikrima ya karɓa, shi ya hau baya. Rana ta yi sanyi, gero na kaɗawa dama da hagu. Da suka yi nisa sai Ikrima ya rage gudu.

"Kawu, in na tahi, wa zai yi ma Inna gonar? Ga taki ba a sa ba, ga girbi na tahe."

"Kai dai ka tahi. Kuma daga yau har Litinin ɗin, in na ga fartanya a hannunka sai na saɓa maka."

"Amma Kawu..."

"In mun shiga gari ka bi ta wajen maƙeri," in ji Malam Tukur. "Ta aron nan ta yi mani gajarta. Zan sa a yi mani tawa, daidai tsayina."